MASAGET: ƘARAMIN GARI A ƘOFAR NJAMENA, BABBAR MAHAƊAR SHANU

'Yan'uwa fataken shanu. Tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga matasan da suka shigo wannan sana'a kwanan nan ita ce, in mutum ya sauka Njamena da kuɗinsa a ɗaure, ina zai dosa? Da yawansu suna zaton a cikin birnin ake samun saniya da sauƙi. To, gaskiyar magana ita ce, birni wurin yanka ne da wucewa, kuma duk san da ka gani a can ya riga ya bi ta hannu biyu ko uku, kowane hannu kuwa ya ɗora nasa. Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya dace mu yi bayanin wani ƙaramin gari da ke arewa maso gabas da Njamena, watau Masaget, wanda a takardun Faransanci za ku ga an rubuta shi Massaguet. Za mu faɗi inda yake, da yanayin ƙasarsa, da yawan mutanensa da ko su wane ne, domin falken da ya san waɗannan abubuwa ya san lokacin zuwa, ya san wanda zai riƙa, ya kuma san ta inda zai fita da dukiyarsa. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

INA GARIN YAKE

Daga Njamena zuwa Masaget wajen kilomita 80 ne, kuma kwalta ce. A tsakiyar tafiya za ka wuce Jarmaya, inda matatar man fetur take, wadda aka buɗe a 2011. Garin yana cikin lardin Hajar Lamis, wanda aka yanko daga tsohon lardin Shari Bagirmi a 2002, kuma hedkwatar lardin tana Masakori. Hajar da Larabci dutse ke nan, sunan kuwa ya samo asali daga wasu duwatsu da ke tsaye su kaɗai kusa da bakin Tafkin Cadi ta kudu. Ban da su, ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, sai ka yi yini kana tafiya ba ka ga tudun kirki ba.

Masaget shi ne babban garin gundumar da ake kira Haraz al-Biyar. Kada Bahaushe ya ji "biyar" ya ɗauka lissafi ne. A Larabcin mutanen wurin, haraz shi ne itacen gawo, biyar kuma rijiyoyi. Wanda ya yi kiwo ya san abin da wannan suna yake faɗa: gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, 'ya'yansa kuma abincin dabba ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Inuwa da abinci da ruwa, su ne ukun da ke tsai da makiyayi a wuri.

Abin da ya ɗaukaka garin shi ne, a nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe arewa zuwa Masakori, daga can kuma ta kai ka Musoro, ko Mawo ta ƙasar Kanem, ko Bol a bakin tafki. Ɗayar ta karkata gabas ta bi Ngura da Bokoro da Mongo har Abeshe, kusa da iyakar Sudan. Ke nan duk abin da ya taso daga arewa ko daga gabas zai shiga Njamena, mutum ne ko mota ko garke, da wuya bai ratsa ta Masaget ba. Kakanninmu da suka yi aikin Hajji a ƙasa, suka bi ta Fort Lami da Abeshe suka shiga Darfur, wannan yanki suka keta. Masu yaƙi ma sun san haka: ranar 1 ga Fabrairu 2008 a Masaget sojojin Shugaba Idris Debi suka tari 'yan tawayen da suka taso daga gabas, aka gwabza, washegari kuma faɗa ya shiga cikin Njamena. Mun kawo wannan ne don a gane cewa garin ƙofa ne, kuma in ƙofa ta motsa, mai kaya a hanya shi ya fi kowa ji.

ƘASA DA RUWA DA LOKACI

Yankin sahel ne sosai. Ruwan sama yakan sauka daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Njamena takan sami tsakanin milimita 500 zuwa 600 a shekara, kuma kana ƙara yin arewa yana ƙara raguwa. Afrilu da Mayu su ne watannin azabar zafi, inda ma'auni kan wuce 40.

Ƙasar iri biyu ce. Akwai jigawa mai rairayi inda ake gero, akwai kuma baƙar laka irin wadda mutanen Barno ke kira firgi, mai riƙe ruwa da damina ta tsattsage da rani. A wannan laka ake dasa dawar rani bayan ruwa ya janye, wadda muka sani da masakwa, su kuma can suke ce mata berbere. Wannan yana da muhimmanci ga mai koro shanu ta fuska biyu. Na farko, da damina lakar nan tarko ce, mota ba ta shiga, saniya ma sai ta kafe, kuma hukuma takan sa shinge a hanyoyin da ba kwalta har sai ƙasa ta sha iska. Na biyu, masakwa tana tsaye a gona tun daga kaka har tsakiyar sanyi, watau daidai lokacin da garkuna ke gangarowa. Ɗan kora da ya yi gyangyaɗi shanu suka faɗa gonar mutane, ribar tafiyar za ta ƙare a gaban mai gari.

Makiyayan Cadi suna da zagayen da ba ya canzawa sai fari ya canza shi. In ruwa ya sauka sai su yi arewa, wajen Kanem da Bata da kwarin Bahar al-Gazal, wani busasshen kwari da ya tashi daga wajen tafki ya bi ta Masakori ya nufi Musoro. Can ciyawa ta fi daɗi, ƙuda da sauro sun fi sauƙi. In tafkuna suka fara ƙafewa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai su juyo kudu da yamma, su nufi bakin kogin Shari da Tafkin Cadi da ƙasar Bagirmi. Burtalin da suke bi sunansa murhal, rugarsu kuma ferik. To, a wannan gangarowa ne kasuwannin Hajar Lamis suke cika, shanu sun yi ƙiba, makiyayi kuma yana son kuɗin hatsi da sukari da shayi. Mai son naman da zai kai Legas da nauyinsa, lokacinsa ke nan. Mai son araha don ya je gida ya yi kiwon turke, sai ya jira bazara, amma fa ya sani ramammiyar saniya ba kowace ke jure tafiya ba, kuma wadda ta kwanta a hanya wuƙa ce makomarta a kowane farashi mahauci ya ga dama.

Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 suna ba da labarin yadda wannan zagaye ya watse. Tafkin Cadi, wanda a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya janye har ya koma bai fi kashi ɗaya cikin goma ba a tsakiyar shekarun 1980. Makiyaya da yawa suka gangaro kudu ba su sake komawa inda suka fito ba. A 'yan shekarun nan kuma ruwan ne ya yi yawa, domin ambaliyar 2022 da ta 2024 sun cinye unguwanni a Njamena, sun kuma kashe dabbobi masu yawa a ƙasar. Saboda haka kada a dogara da kalandar bara, a tambaya kafin a taso.

MUTANE NAWA NE

A ƙidayar jama'a ta 2009 an sami mutum miliyan 11 da 'yan kai a Cadi baki ɗaya, alhali a ta 1993 miliyan 6 da dubu ɗari biyu da wani abu ne. Njamena ita kaɗai ta tashi daga wajen dubu 530 zuwa kusan miliyan ɗaya a tsakanin ƙidayoyin biyu. Lardin Hajar Lamis ya sami sama da mutum dubu 560. Shi kuwa garin Masaget, a wannan ƙidaya ta 2009, wajen mutum dubu 20 ne kacal. In a ƙasar Kano ne, wata unguwar ma ta fi shi.

Wanda ya tsaya a wannan adadi zai raina garin, kuma zai yi kuskure. Ma'aikacin ƙidaya yana bin gida gida ne, ya rubuta wanda ya kwana a ciki. Mutanen da muke zuwa dominsu kuwa ba su da gida a garin, suna ferik, yau nan gobe can. A ƙidayar 2009 waɗanda aka rubuta a matsayin makiyaya masu yawo ba su kai kashi 4 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma a hannunsu da na 'yan'uwansu masu rabin zama rabin yawo mafi yawan dukiyar take. Da gwamnatin Cadi ta yi ƙidayar dabbobi tsakanin 2012 da 2015, an sami kai kusan miliyan 94, a ciki shanu sun kusa miliyan 25, tumaki sun wuce miliyan 26, awaki sun wuce miliyan 30, raƙuma kuma sun wuce miliyan 6. Watau shanu kaɗai sun fi mutanen ƙasar yawa nesa ba kusa ba. Har ta kai a 2020 Cadi ta yi yarjejeniya da Angola za ta biya bashin dala miliyan 100 da shanu dubu 75.

A ƙasashen Turai irin su Suwizalan, ƙauyen da bai fi mutum ɗari biyar ba ya san adadin shanunsa ɗaya bayan ɗaya, don kowace saniya tana da lamba a kunne, an kuma rubuta ta a rajistar ƙasa tun daga haihuwa har yanka. A Masaget rajistar tana cikin kawunan mutane ne, da kuma tambarin wuta da ke jikin dabba. Shi ya sa sanin mutanen wurin ya zama wajibi.

SU WANE NE MUTANEN

Mafi rinjaye a karkarar Masaget Larabawan Cadi ne, waɗanda a Barno muke kira Shuwa, kuma harshensu shi ne harshen kasuwa. Faransanci na ofis ne. Akwai Kanembu, waɗanda suka yi fice a kasuwanci, akwai Gorane masu gangarowa daga arewa, akwai Fulani, akwai Bilala da Kuka daga wajen Tafkin Fitri a gabas, akwai Kotoko masunta a bakin Shari, akwai kuma 'yan'uwanmu Hausawa da Barebari, waɗansu jikokin mahajjatan da guzuri ya ƙare musu ne a hanya suka zauna. Kusan kowa Musulmi ne, saboda haka baƙo ba ya rasa masallaci ko masauki.

Kalmar da muke so kowa ya riƙe ita ce damin, watau mai lamuni. A kasuwannin shanun Cadi kowace ƙabila ta makiyaya tana da nata damin, wanda ya san mutanensa, ya san tambarinsu, yake saukar da su in sun zo kasuwa, kuma shi ke tsayawa shaida cewa dabbar nan ta mai ita ce. Ana biyansa ɗan abin da aka saba a kan kowane kai. Aikinsa daban da na dillali, wanda can ake kira samsar. Dillali ciniki yake haɗawa ya karɓi la'adarsa ya tafi, damin kuwa shi za a nema in magana ta taso bayan wata guda.

Wani ɗan'uwanmu ya taɓa ganin wannan ɗan kuɗi na damin asara ne. Aka ja shi bayan kasuwa aka nuna masa bijimai shida a farashin da ya sa zuciyarsa ta yi fari, ya biya ba shaida. Bai kai ga ƙetare kogi ba masu shanu suka cim masa, suka nuna tambarinsu, wanda ya sayar masa kuma ko ƙurarsa ba a gani ba. Shanu suka koma ga masu su, shi kuma sai da dattawan Hausawan wurin suka tsaya masa kafin aka yarda ba shi ne ɓarawon ba. Da ɗan gari akan ci gari.

IRIN SHANUN DA ZA KA TARAR

Mafi yawa su ne shanun Larabawa, waɗanda muke kira wadara: jajaye ko masu duhu, gajerun ƙaho, ba su cika girma ba amma suna da nama a jiki, suna kuma jure tafiya. Sai jajayen Bororo masu dogon ƙaho, irin rahaji, masu tsawo da ƙashi, waɗanda ke cika ido a kara amma suna cin wuri a tirela. Jefi jefi kuma za ka ga kuri, farin san tafki marar tozo mai kumburarren ƙaho, na mutanen Buduma. Kuri ɗan ruwa ne, rana da doguwar kora suna wahalar da shi, kuma duk dabbar da ta fito daga fadamun tafki a dubi lafiyar hantarta da kyau.

Bushiya, wadda ta yi wa garkunan wannan yanki kaca-kaca a farkon shekarun 1980, an sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Amma ciwon huhu da boru suna nan. San da ke tari, ko yake tsayawa da ƙafafun gaba a buɗe, ko yake dalalar da yawu yana ɗingishi, a bar shi ko da kyauta ne, don shi ɗaya zai lalata mota guda.

DAGA MASAGET ZUWA GIDA

Njamena tana daidai inda kogin Lagon ya haɗu da Shari, tsallaken ruwa kuma Kusuri ce ta Kamaru, inda aka kashe Rabe a 1900. Mai bin gada zai ƙetare Shari a cikin birni, ya bi ta Waliya zuwa Ngeli, sa'an nan ya hau gadar Lagon da aka buɗe a 1985 ya sauka Kusuri. Daga nan wajen kilomita 100 ne zuwa Fotokol, a ƙetare ɗan kogin El Beid a shiga Gamborun Ngala, sai Dikwa, sai Mafa, sai Maiduguri. Wannan ita ce tsohuwar hanya kuma mafi gajarta.

Kowa ya san abin da ya same ta. A watan Mayu 2014 'yan Boko Haram suka afka wa Gamboru, daga baya suka riƙe garin, har sai da sojojin Cadi suka ƙetaro daga Fotokol suka fatattake su a Fabrairu 2015. A watan Maris 2016 gwamnatin Barno ta dakatar da ciniki a wasu kasuwannin shanu, har da ta Gamboru, saboda shanun sata da ake shigowa da su. A waɗannan shekaru fatake suka rabu biyu. Wasu suka zagaya ta arewacin tafki, ta Kanem zuwa Ngigmi da Difa a Nijar. Wasu suka yi kudu ta Bongor ko Lere, suka ratsa Kamaru suka ɓullo Mubi. Kowace a ciki ta ninka kwanaki da kuɗin hanya. A 2025 an buɗe sabuwar gada a kan Lagon tsakanin Bongor da Yaguwa, abin da ya ƙara wa hanyar kudu sauƙi. Amfanin Masaget a nan shi ne, tun da yana bakin mararraba, wanda ya sayi shanu a can bai ɗaure kansa da hanya ɗaya ba tukuna. Yana iya jin labarin hanya sa'an nan ya zaɓa.

TAKARDU DA KUƊI

A tuna Cadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, suna cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne, CEMAC, wadda hukumarta mai kula da dabbobi da nama da kifi, CEBEVIRHA, take da hedkwata a Njamena. Saboda haka takardar da ta fisshe ka a Maraɗi ba lalle ta fisshe ka a Ngeli ba. A nemi takardar likitan dabbobi, da rasit na kasuwa, da takardar kwastan ta fitar da kaya, kuma a tabbata adadin kan da aka rubuta ya yi daidai da na cikin garke. Sefar can ma ba irin ta Nijar ba ce, ko da yake darajarsu ɗaya, sai an canza.

Sai maganar lissafi, inda baƙi da yawa suke faɗawa rami. A kasuwar Cadi ba da faran ake ƙirga kuɗi ba, da riyal ne, kuma riyal ɗaya faran biyar ne, kamar dai dala a Nijar. In Balarabe ya ce maka alif riyal, watau riyal dubu, Sefa dubu biyar yake nufi. In ya yi wa sa kuɗi riyal dubu 60, to, Sefa dubu 300 ke nan. Mutanen Damagaram da Maraɗi ba sa ruɗewa a nan, amma ɗan Kano ko Zariya da bai saba ba sai ya yi saurin cewa ya saya, a zo biya rigima ta tashi.

Canji kuwa shi ne rabin cinikin. A watan Janairu 1994, da aka karya darajar Sefa da rabi, shanun Cadi suka zama ɓagas ga mai Naira. Daga Yuni 2023, da aka saki Naira ta nemi farashinta, abin ya juye, har wasu suka kai shanu Legas suka sayar da riba a Naira, amma da suka dawo canji suka tarar uwar kuɗi ta ragu. A yi lissafin riba da kuɗin da za a sake sayen kaya da shi.

JAN HANKALI

'Yan'uwa, mai niyyar zuwa Masaget a karon farko kada ya tafi shi kaɗai, ya bi wanda ya saba. Ya sauka hannun mai masauki sananne, ya bar shi ya kai shi ga damin na mutanen da zai saya a wurinsu. Ya koyi ƙirga da Larabci ko da zuwa dubu ne. Ya tambayi halin hanya daga direbobin da suka iso a ranar, ba waɗanda suka bi ta makon jiya ba. Kuma ya ja kunnen 'yan korarsa a kan gonakin masakwa da rijiyoyin mutane, don rijiya a can tana da mai ita, ba a shayar da garke sai da izini.

Muna roƙon waɗanda suka daɗe suna bin wannan hanya su riƙa kawo wa ofishin ƙungiya labarin duk wani canji da suka gani, na haraji ne ko na hanya, domin mu sanar da sauran 'yan'uwa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya sa albarka a nema, amin.